Fashin Baƙi: A Ina Wayon Gini Yake?

Galibin abin da ake tallatawa yau da sunan "gida mai wayo" rimot ne kawai aka mayar cikin wayar hannu. A da mutum zai tashi ya danna makunni a bango. Yanzu sai ya zaro waya, ya buɗe manhaja, ya jira ta haɗu da intanet, sannan ya danna. Fitila ta kama, amma shi ne ya lura duhu ya yi, shi ya yanke shawara, shi ya ba da umarni. Ginin bai taɓuka komai ba. Ginin da ya cancanci a ce yana da wayo shi ne wanda ke ji da kansa, ya yanke hukunci, ya aiwatar, kuma kowane sashe nasa ya san halin da ɗan'uwansa ke ciki: labule ya san rana ta juyo, na'urar sanyaya ɗaki ta san an buɗe taga, fitila ta san kowa ya fita.

Duk tsarin, komai girmansa, a kan abu uku yake tsaye. Akwai sensa, ƙananan na'urorin da ke auna zafi, haske, motsi, danshi, hayaƙi ko yawan wutar da ake sha. Akwai na'urar sarrafawa, ƙaramar kwamfuta da ke karɓar awon ta gwada shi da abin da aka ce mata ana so. Sai kuma masu aiwatarwa: bawul da ke buɗe wa ruwa hanya, injin da ke juya murfin bututun iska, abin da ke rage hasken fitila, sakatar ƙofa mai aiki da lantarki. Da an aiwatar, sensa ta sake aunawa, a sake gyarawa, haka abin ke zagayawa dare da rana. Wannan zagayen shi ne zuciyar lamarin. Inda babu shi, wuta ce kawai ake kunnawa daga nesa.

Mu ɗauki ɗakin taro guda a wani ginin ofis mu duba shi da kyau. Da sassafe babu kowa, fitilu a kashe, iska kaɗan ke shiga. Ƙarfe tara mutum goma sha biyu suka shigo suka rufe ƙofa. Sensar motsi da ke jikin silin ta gan su, fitilu suka kama, sai dai layin da ke kusa da taga bai kai sauran haske ba, domin wata sensar ta auna hasken rana da ke shigowa ta rage masa. Bayan kamar minti ashirin, iskar kabon da mutane ke fitarwa wajen numfashi ta fara taruwa. A waje yawanta kusan kashi 420 ne cikin miliyan, amma a rufaffen ɗaki cike da mutane nan da nan take haura 1,000, kuma wannan ne ma'aunin da aka saba ɗauka a matsayin alamar cewa iska mai kyau ta yi ƙaranci. Na'urar sarrafawa ta ƙara buɗe murfin bututun ɗakin. Da ya buɗe, ƙarfin iska a babban bututu ya ɗan ragu, wata sensar can ta ji, babbar fankar da ke saman gini ta ƙara gudu kaɗan. Jikin mutum goma sha biyu da kwamfutocinsu sun ɗumama ɗakin, bawul ɗin ruwan sanyi ya ƙara buɗewa. Aka tashi taro, bayan 'yan mintuna komai ya koma yadda yake. Cikin mutanen nan babu wanda ya taɓa makunni, babu ma wanda ya san an yi wani abu.

Ko a wannan ɗan misalin akwai dabaru da ido ba ya gani. Idan aka ce wa na'ura ta riƙe ɗaki a digiri 24 cif, za ta yi ta kamawa tana mutuwa kowane minti har injin ya gaji. Shi ya sa ake ba ta rata: ta tashi a 25, ta tsaya a 23. Sensar motsi ta gama-gari kuwa motsin ɗumin jiki take gani, saboda haka mutumin da ya nutsu yana karatu bai motsa ba sai ta ɗauka babu kowa, ta kashe masa fitila. Maganinsa shi ne a ba ta jinkiri, ko a sa sensa mai aiki da rada wadda ke iya jin motsin ƙirji lokacin numfashi. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ke raba tsarin da mutane ke jin daɗinsa da wanda suke liƙe wa sensarsa salatif.

Lamarin ba sabo ba ne. A 1883 wani malamin makaranta a Amurka, Warren Johnson, ya yi rajistar na'urar da ke auna zafin aji ta sanar da mai kula da tukunyar ɗumama gini, kuma daga nan kamfanin Johnson Controls ya samo asali. Shekaru masu yawa manyan gine-gine da matsattsiyar iska a cikin siraran bututu ake sarrafa su, kafin kwamfuta ta karɓi aikin. Gidajen zama kuwa ta wata hanya daban suka biyo. A 1975 kamfanin Pico Electronics na Sukotilan ya fito da X10, wanda ke aika umarni ta cikin wayar lantarkin da ke bango. Sai bayan wayar hannu ta game duniya abin ya bunƙasa: na'urar daidaita zafi ta Nest a 2011, ƙwayayen fitila na Philips Hue a 2012, Amazon Echo mai karɓar umarnin baki a 2014. Zuriya biyu ke nan masu hali daban. Ta manyan gine-gine injiniyoyi suka raine ta, tana da nauyin jiki amma tana daɗewa. Ta gida kasuwar kayan lantarki ta haife ta, tana da saurin canji da kyan gani, amma ba ta cika tsufa ba. Abin da ake kira haɗaɗɗen tsari a yau yunƙuri ne na aurar da su.

A nan gizo ke saƙar, domin na'urorin ba yare ɗaya suke ji ba. A manyan gine-gine akwai Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fitar tun 1979, har yau mitocin wuta da janareto da yawa da shi suke magana. Akwai BACnet, wanda ƙungiyar injiniyoyin ɗumama da sanyaya gini ta Amurka, ASHRAE, ta fara aiki a kansa a 1987, ya zama ƙa'ida a 1995. Dalilin ƙirƙiro shi a bayyane yake: masu gine-gine sun gaji da zama bayin kamfani guda, wanda idan ka sayi kayansa sau ɗaya ba ka da mafita sai ka ci gaba da saya. A Turai KNX ya fi ƙarfi, shi kuma haɗakar tsofaffin tsare-tsare uku ne, kuma abin burgewa gare shi shi ne babu wata kwamfuta ta tsakiya da dole sai da ita: makunni na magana da fitila kai tsaye ta siririyar waya. Fitilu ma suna da nasu, DALI, inda layi guda ke ɗaukar fitila har 64, kowace da lambarta. A gida kuwa akwai Zigbee da Z-Wave, waɗanda ke amfani da rediyo mai cin wuta kaɗan, kowace na'ura da ke jone da lantarki tana miƙa saƙo ga ta gaba, har sensar ƙofa ta yi shekara ko fiye da ƙaramin batir guda. Sai Wi-Fi da Bluetooth da kowa ya sani.

Idan an tara masu yare daban-daban a gini ɗaya, dole a nemo tafinta, wato akwatin da ke karɓar saƙo a wannan yaren ya mayar da shi wancan. Kowane tafinta kuma wuri ne da magana ke iya zubewa. Na'urar sanyaya ɗaki tana iya sanin abu hamsin game da kanta, amma ta bakin tafinta biyar kawai ke fitowa: kunna, kashe, zafi, gudun fanka, sai wata alamar matsala da ba ta faɗi wace iri ba ce. Yawancin wahalar masu haɗa irin wannan tsari a nan take ƙarewa, ba wajen ɗaura na'ura a bango ba.

Don rage wannan rikici a ɓangaren gidaje, a watan Disambar 2019 Amazon da Apple da Google suka haɗa kai da ƙungiyar Zigbee don samar da yare guda. Ya fito a watan Oktoban 2022 da sunan Matter. Yana tafiya a kan Wi-Fi, ko wayar intanet ta kebul, ko Thread, wani tsarin rediyo mai cin wuta kaɗan, kuma da Bluetooth ake gabatar da sabuwar na'ura ga gida. Abu biyu nake ganin sun fi muhimmanci a cikinsa. Na farko, na'ura guda tana iya karɓar umarni daga manhajojin kamfanoni daban-daban a lokaci ɗaya. Na biyu, umarnin a cikin gida yake yawo, ba sai ya fita intanet ba. Fitowar farko ta taɓa fitilu da soket da makullai da labule da sensa, daga baya aka ƙara firiji da injin wanki da cajar mota mai lantarki. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Matter yana ɗaukar ayyukan da kowa ya yarda da su ne kawai, abubuwan musamman da kamfani ke tinƙaho da su galibi har yanzu sai a manhajarsa. Kuma bai zo don ya maye gurbin BACnet a asibiti ko filin jirgin sama ba.

Batun inda ake yanke hukunci shi ne na fi so mai karatu ya tsaya a kansa, domin shi ne mai talla ba ya faɗa. Na'urori da yawa na gida, idan ka danna manhaja, saƙon sai ya bar gidanka, ya je sabar kamfani, wato babbar kwamfutarsa, wataƙila a wata nahiya, sannan ya dawo ga fitilar da ke saman kanka. Muddin intanet na nan, kamfanin kuma na raye yana da sha'awa, komai lafiya. A 2014 Nest, wanda Google ya saya a farkon shekarar, ya sayi wani kamfani mai suna Revolv da ke yin akwatin haɗa na'urorin gida. A watan Mayun 2016 aka rufe sabar, akwatunan da mutane suka saya suka daina aiki gaba ɗaya, alhali babu abin da ya lalace a jikinsu. A watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon ya kashe nasa sabar dare ɗaya ba sanarwa, masu amfani da shi suka wayi gari manhaja ba ta amsawa. Abin lura a nan shi ne makunnan Insteon da ke magana da juna kai tsaye sun ci gaba da aiki, abin da ya dogara da sabar ne ya mutu. Daga baya wasu masu amfani da kayan suka sayi kamfanin suka farfaɗo da shi.

Tushen matsalar bambancin tsawon rai ne. Gini ana yin sa don shekara hamsin ko fiye. Wayar lantarki da bututu suna yin shekaru gommai. Babban injin sanyaya gini yakan yi kamar ashirin. Amma manhaja da wayar hannu da tsarin kasuwancin kamfani cikin 'yan shekaru suke juyawa. Wanda ya ɗaure abu mai dogon rai a jikin abu mai gajeren rai, ya shirya wa ranar da igiyar za ta tsinke. Saboda haka a ganina duk aikin da rayuwar gida ta dogara da shi, fitila da ƙofa da ɗumi da sanyi da famfon ruwa, hukuncinsa a cikin ginin ya kamata ya zauna. Intanet ta zama ƙari: duba gida daga nesa, hasashen yanayi, nazarin wutar da aka sha cikin wata. Manhajoji irin su Home Assistant, wadda aka fara a 2013 kuma kowa ke iya duba cikinta, da wannan manufa suka samu karɓuwa.

Tsaro kuma ba ƙaramin abu ba ne. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye kyamarori da rauta (na'urar da ke raba intanet a gida) masu ɗimbin yawa, ba da wata gwaninta ba, sai da gwada kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu ke sakawa tun daga kwali, waɗanda masu saye ba su taɓa canzawa ba. Da waɗannan na'urori, a watan Oktoba, aka kai farmaki wa kamfanin Dyn, mai nuna wa kwamfutoci hanyar zuwa shafukan intanet, shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa na tsawon sa'o'i. Kusan lokaci ɗaya, a garin Lappeenranta na ƙasar Finlan, irin wannan farmaki ya rikita kwamfutocin da ke kula da ɗumama wasu gidajen bene biyu, ɗumi ya tsaya daidai lokacin da sanyi ke shigowa. Kafin nan, a 2013, masu kutsen da suka sace bayanan katin banki kusan miliyan 40 daga shagunan Target a Amurka da kalmar sirrin wani ɗan kwangilar kayan sanyi suka fara samun ƙofa. Tsofaffin yarukan gini kamar Modbus da BACnet na asali an ƙirƙire su ne a zamanin da ake ɗauka duk wanda ke kan waya na gida ne, ba sa tambayar wanda ya aiko umarni. An fito da sababbin nau'o'i masu kulle saƙo, amma tsofaffin na nan a bango suna aiki. Shi ya sa ƙwararru ke ware wa na'urorin gini layinsu daban da na kwamfutocin ofis. Hukumomi ma sun fara farkawa: daga 29 ga Afrilun 2024 dokar Birtaniya ta haramta sayar da irin waɗannan kaya da kalmar sirri ta kowa da kowa, ta kuma tilasta wa kamfani ya faɗi tsawon lokacin da zai riƙa gyara manhajar kayansa.

Akwai kuma sirrin mazauna. Ba sai da kyamara ake sanin rayuwar mutum ba. Bayanan sensar motsi da makullin ƙofa da mitar wuta sun isa a gane lokacin da yake tashi, lokacin da yake kwanciya, ranar da ya yi tafiya, da ɗakin da ya fi zama. A gida guda ma, wanda ke riƙe da babban asusun manhaja yana ganin shige da ficen kowa, yana iya kulle ƙofa ko kashe fitila daga nesa. Wannan iko ne a kan mutane, kuma ya kamata duk wanda ke kwana a gidan ya san wa ke riƙe da shi.

To me ya sa ake shan duk wannan wahala? Babban dalili makamashi ne. Bisa ƙididdigar Hukumar Makamashi ta Duniya, tafiyar da gine-gine na cin kusan kashi 30 cikin 100 na makamashin da duniya ke amfani da shi, kuma kaso mai yawa wajen ɗumama da sanyaya wuri yake tafiya, sau da yawa wurin da babu kowa a ciki. Tarayyar Turai har ta wajabta sanya tsarin sarrafawa a manyan gine-ginen da ba na zama ba, waɗanda injinan ɗumi ko sanyinsu suka haura kilowat 290. Ginin The Edge da ke Amstadam, mai sensa kusan 28,000 da fitilun da ke samun wuta ta wayar intanet, shi ne misalin da aka fi kawowa. Amma ban ɗauki yawan sensa a matsayin ma'auni ba. A gine-gine da yawa asarar ba ta rashin na'ura ba ce, ta rashin kula ce. Bawul ɗin ruwan zafi ya maƙale a buɗe, na'urar sanyi ta yi ta kokawa da shi, ɗaki ya tsaya daidai, kowa na jin daɗi, wuta kuwa ana shan ta ninki. Mai gyara ya mayar da fanka kan sarrafawar hannu don ya duba wani abu, ya manta, ta yi watanni tana gudu dare da rana. An ɗaura sensar zafi kusa da injin kwafi, tana ta ba da rahoton zafin da babu shi. Na'ura ba ta san an yi mata ƙarya ba, gaba gaɗi take aiki da abin da aka ba ta. A nan ne nake ganin ƙirƙirarriyar basira ta fi amfani: ta bi dubban awo ta ce ga bawul ɗin da halinsa ya canza tun makon jiya, a je a duba. Wannan ya fi mata sauƙin tabbatarwa a kan alƙawarin cewa za ta koyi halinka ta riƙa yi maka komai.

Tsarin kirki ana gane shi ne ranar da abu ya lalace. Idan ƙararrawar gobara ta tashi a babban gini, lifta ta sauko ƙasa ta tsaya a buɗe, ƙofofin tserewa su saki, murafun bututu su rufe don kada hayaƙi ya bi su ya zagaya. Wannan ɓangaren dokokin gini ke tsare shi, yana da wayarsa da batirinsa, kuma ba a yarda ya jira umarnin wata manhaja ba. Tsarin sarrafa gini yana iya sauraronsa, amma ba ya ba shi umarni. Makulli ma iri biyu ne: wanda ke saki idan wuta ta ɗauke, da wanda ke zama a kulle. Na farko ya dace da hanyar tsira, na biyu da ɗakin ajiya, kuma wanda ya musanya su ya jefa rai ko dukiya cikin haɗari. A gida kuwa makunnin bango bai kamata ya ɓace ba. Baƙo, da yaro, da dattijon da ba ya riƙe wayar zamani, duk suna da haƙƙin kunna fitila ba tare da neman izinin kowa ba. Ƙwan fitila mai wayo yana da wannan raunin: da wani ya kashe makunni ya yanke masa wuta, ya kurmance, manhaja ba ta samunsa. Shi ya sa a ɗakunan da kowa ke shiga ya fi kyau wayon ya zauna a makunnin, ƙwan ya zama na gama-gari.

Akwai wani abu da ake mantawa ranar miƙa aiki, kuma daga baya shi ke zama ciwon kai. Duk dokokin da aka rubuta wa gini, wane makunni ke kunna wace fitila, ƙarfe nawa fanka ke tashi, wace lamba ce ta wace sensa, suna cikin wani fayil da wanda ya haɗa tsarin ya rubuta. A KNX, misali, fayil ne na manhajar ETS. Idan ɗan kwangila ya tafi da shi, ko ya bar sana'ar, wanda zai zo bayansa sau da yawa sai ya bi na'urori ɗaya bayan ɗaya yana lalube, wani lokaci ma ya sake rubuta komai daga farko don kawai a ƙara makunni guda. Mai gini ya sa a cikin yarjejeniya tun kafin a fara aiki cewa za a ba shi wannan fayil, da zanen wayoyi kamar yadda aka shimfiɗa su a zahiri, da jerin na'urori da lambobinsu, da babbar kalmar sirri, kuma a sabunta masa kwafi duk lokacin da aka canza wani abu. Kafin ya biya kuɗin ƙarshe kuma ya sa a zare wayar intanet a gabansa, ya zagaya ɗaki-ɗaki yana gwada fitila da ƙofa da na'urar sanyi, ya rubuta duk abin da ya daina amsawa.